An yi wa 'yar maƙwabciyata fyaɗe jiya, ina za mu nufa?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da sammakon da na yi muku, ban runtsa ba. Ana kiran assalatu maƙwabciyata ta buga min ƙofa, ko mayafi babu. 'Yarta ce mai shekara 11, jiya bayan magariba ta aike ta sayo sukari a bakin layi, ta daɗe ba ta dawo ba, da ta shigo sai ta wuce bayan ƙyaure ta rakuɓe. Sai cikin dare uwar ta ga jini a jikin zanin gado. Da ƙyar ta faɗi wanda ya yi, kuma duk layin an san shi, da shi ake sahun gaba a masallaci. Kakar yarinyar har ta dafa ruwan bagaruwa ta zaunar da ita a ciki. Uban ya ce kada wanda ya ji, zai samu mai unguwa da hantsi. Ni kuma raina bai kwanta ba. Cikin birnin Zariya muke. Don Allah wanda ya san abin da ya kamata ya faɗa min, ina za mu fara?

Admin: Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin kowa ya ce komai: ba a tambayar sunan yarinya, ba a tambayar unguwa, ba a tura wannan saƙon wani zaure. Wanda ya yi zan cire shi. Sista, idan kina kusa ki taimaka.

Sista Nas: Ina nan, yanzu na sauka daga aikin dare. Maman Sadiƙ, asibiti za ku fara, kuma yanzu, ba bayan an ga mai unguwa ba. Ku tari Keke ku tafi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ku ce Cibiyar Salama kuke nema. Don irin wannan aka buɗe ta, kuma ba a biyan kuɗi. Ba sai kun je da takardar 'yan sanda ba kafin a duba ta.

Dalilin gaggawar shi ne akwai maganin da ke tare ƙwayar cutar ƙanjamau kafin ta kama jiki, mu a asibiti PEP muke ce masa. Dole a fara shan sa cikin awa 72 daga lokacin da abin ya faru, kuma na awar farko ya fi na ƙarshe amfani. Idan kwana uku suka wuce ƙofar ta rufe, ko nawa gare ku ba za a iya dawo da ita ba. Za ta sha shi kullum har kwana 28. Za kuma a ba ta maganin ciwon sanyi, a duba batun rigakafin ciwon hanta da allurar tetanus idan akwai rauni, a ɗinke inda ya yage idan ya kama. Idan ta fara al'ada ko ƙirji ya fara fitowa, akwai ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, ita ma iyakarta kwana 5.

Kayan da ke jikinta jiya, wando, siket, har zanin gadon, kada a wanke. Ku naɗe su a takarda ko ambulan babba, kada ku ƙulle a leda, leda tana sa su gumi su lalace.

Maman Sadiƙ: Sista ai an riga an gasa ta, kuma na ga wandon a bokiti an jiƙa. Ko babu amfanin zuwa ke nan?

Sista Nas: Akwai amfani sosai. Wankan ya rage wa likita wasu alamomin, amma bai taɓa maganin ba, kuma rauni ba ya ɓacewa da ruwan zafi cikin dare ɗaya. Ki tsame wandon ki shanya shi a ɗaki, kada ki cuɗa. Zanin gadon ki ɗauke shi yadda yake. Ruwan bagaruwar kuma a dakata da shi haka, kada a tura mata komai a gabanta, ko auduga. Kada kuma a tsaya a kemis. Na sha ganin yaran da aka kwana biyar ana yi musu allura a kemis, sai da wurin ya ruɓe aka kawo mana.

Hajiya Babba: Allah ya isar wa yarinyar nan. Amma 'yata Maman Sadiƙ ki bi a hankali. Ba 'yarki ba ce, kuma ubanta ya yi magana. Mu da muka daɗe a garin nan mun san yadda bakin mutane yake. Yau kin kai ta asibiti, gobe an ce 'yan sanda, jibi sunanta ya zaga Zariya daga Ƙofar Doka har Samaru. Shekara bakwai nan gaba manemi ya fito, a gidan su aka je bincike, wata ta raɗa musu. Wa gari ya waya? Uban nan ba mugu ba ne, rufin asirin 'yarsa yake nema.

Ummi Gyallesu: Hajiya da girmanki, amma asirin wa ake rufawa? Yarinya tana kwance tana zubar da jini, shi kuwa anjima zai buɗe shagonsa yara su ci gaba da zuwa sayen alawa. Wallahi irin mutanen nan ba sa tsayawa a kan ɗaya. Wadda aka yi wa jiya ba lalle ita ce ta farko ba, wataƙila an rufa asirin ta farkon ne shi ya sa aka kai ga wannan.

Sista Nas: Hajiya, tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma ki raba abu biyu. Zuwa asibiti daban, kai ƙara daban. Abin da aka faɗa a ɗakin likita amana ce, ba a shelanta shi. Maganar kotu ana iya zama a yi shawara gobe ko jibi. Maganar magani ce ba ta jira. Idan aka bar ta ta kamu da ƙanjamau a shekara 11, yau da ake gwajin jini kafin ɗaurin aure, wane asiri aka rufa?

Hajiya Babba: To wannan kam haka ne. A kai ta asibitin. Amma ni dai ina nan a kan bakana game da 'yan sanda.

Maman Sadiƙ: Na nuna wa uwar saƙon Sista. Ta ce ko uban ya yarda ko bai yarda ba za ta tafi. Maigidana ya fita ya same shi a zaure, yana lallashin sa. Bari mu shirya.

Baban Hanifa: Ni namiji ne kuma uba, bari in faɗi abin da ke ran uban nan, don na taɓa tsayawa inda yake tsaye. Shekarun baya aka yi wa 'yar ƙanwata. Mun kai ƙara wani caji ofis, ba zan faɗi wanne ba. Aka ce mu kawo kuɗin fayil, muka ba da. Aka ce kuɗin man mota da za a je kamo shi, muka ba da. Yarinyar tana tsaye a gaban kanta ana tambayar ta da ƙarfi me ya kai ta ɗakinsa, mutane cike da wurin suna saurare. Bayan kwana huɗu na gan shi a kasuwa yana cin rake. Daga nan dattawan unguwa suka yi ta sintiri gidanmu, a yi haƙuri, a bar wa Allah, ɗan uwa ne musulmi, matarsa na da tsohon ciki. Ƙarshe suka kawo kuɗi a ambulan wai na magani. Mahaifin yarinyar ya karɓa don ya gaji. Har yau idan na tuna ranar da na ga ambulan ɗin nan a kan tabarma sai in ji kamar ni na sayar da ita. Ba ina cewa kada a kai ƙara ba ne. Ina cewa talaka idan ya tafi shi kaɗai, a hanya ake gajiyar da shi.

Barista: Baban Hanifa, Allah ya huci zuciyarka, kuma abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne gaskiyar lamarin: kada a tafi a kaɗaice. Shi ya sa ya fi kyau a bi ta Salama, saboda ba magani kawai suke bayarwa ba. Likita zai rubuta rahoton abin da ya gani, wanda shi ne ƙashin bayan shari'ar, kuma suna haɗa mutum da 'yan sanda da lauyoyi idan iyali sun amince. Wanda ya shiga caji ofis da rahoton likita a hannu da ma'aikaciyar cibiya a gefensa, ba a yi masa irin kallon da ake yi wa wanda ya zo shi kaɗai yana kuka. Cibiyoyin guda huɗu ne a jihar nan ta Kaduna: wannan ta Zariya, da ta Asibitin Gwamna Awan a Kakuri, da ta Asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wadan Kaduna, da ta Kafanchan. Masu 'yan uwa a Kano kuma akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma. Gwamnati ce ke gurfanar da shi, lauyan gwamnati ne ke tsayawa, iyayen yarinya shaidu ne, ba sai sun ɗauki lauya da kuɗinsu ba. Mai unguwa ba shi da hurumin yanke wannan magana, hakimi ma haka. 'Yan sanda su yi bincike, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a a ba da shawara, sannan a kai Babbar Kotu. A wannan tsakanin ne shari'o'i ke mutuwa, idan babu mai bibiya. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kaduna kuma suna bin irin wannan kyauta. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, ita ma tana da ofis a Kaduna, can ake kai kukan jami'in da ya nemi a yi rufa-rufa. Akwai ma'aikatar jiha da ke da alhakin kula da yara. Idan ba a samu yadda ake so a wurin 'yan sanda ba, Sibil Difens ma suna karɓar irin wannan ƙorafi.

Ta fuskar doka kuwa, jihar nan ba ta rasa ba. Tun 2018 muke da dokar hana cin zarafin mutane da kuma dokar kare yara. A watan Satumba na 2020 Malam Nasir El-Rufa'i, gwamnan jihar a lokacin, ya sa hannu a gyaran dokar laifuffuka: wanda kotu ta kama da yi wa yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa. Idan ta haura 14, dandaƙa da ɗaurin rai da rai.

Ɗan Kwarbai: Barista, ni a ganina tsananin dokar nan ma yana cikin abin da ke sa a ɓoye. Yawancin masu yin abin nan ba baƙi ba ne. Kawu ne, ɗan ɗakin maigida ne, mijin uwa ne, malamin da ke zuwa gida koyar da karatu ne. Uwa ta san idan ta buɗe baki ƙanin mijinta za a kashe, ta san kuma ranar aurenta ya mutu, dangi su ce ita ta kashe musu ɗa. Sai ta haɗiye. Da ɗaurin shekara ashirin ne da ake tabbatar da shi, ina jin da an fi kai ƙara.

Barista: Akwai lauyoyi da masu kare haƙƙi da suka faɗi irin wannan tun lokacin da ake muhawarar dokar, kuma ban ce ba ka da hujja ba. Ni abin da na gani a aiki shi ne mai laifi ba girman hukunci yake tsoro ba, tabbacin za a kama shi yake tsoro. Amma ko wace doka ce, ba ta aiki sai an samu rahoton likita da wuri da shaidar da ba ta janye ba.

Ummi Gyallesu: Ni ko kisan ne ban ga ya yi yawa ba ga wanda ya haike wa 'yar shekara 11.

Abu Mus'ab: Tambaya nake, ba musu ba. A shari'ar Musulunci ba sai da shaidu huɗu ba? Ina tsoron mu ɗora wa mutum laifi da bakin yarinya kawai mu faɗa cikin ƙazafi.

Malam na Tudun Wada: Malam Abu Mus'ab, madalla da ka tambaya, don wannan ruɗanin ya cuci mata da yawa. Shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddin zina. Wadda aka fi ƙarfinta ba mazinaciya ba ce, wadda aka zalunta ce, kuma malamai ba su yi saɓani ba cewa babu haddi a kanta, babu zunubi. Hadisi ya zo cewa an ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su a kai. A duba kuma aya ta 33 a Suratun Nur. A mazhabarmu ta Malikiyya, macen da ta zo tana jini tana neman agaji, wannan alama ce da alƙali yake dubawa, kuma wanda ya yi mata ƙarfi bayan hukuncinsa sai ya biya ta sadakin irinta. Alƙali Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, har cikin fashi ya lissafa ƙwace wa mace mutuncinta da ƙarfi, yana ganin ya fi ƙwace dukiya muni. To kai yarinya likita ya duba, a kai magana gaban hukuma ta bincika, wannan ba ƙazafi ba ne, neman haƙƙi ne. Ƙazafi shi ne a zauna a majalisa ana yaɗawa.

Ina kuma roƙon 'yan uwana limamai da dattawa, mu daina kai wa iyayen yara "a bar wa Allah" alhali ƙafarmu ba ta taka gidan azzalumin ba. Suturta musulmi da aka yi umarni da shi bai haɗa da wanda barin sa zai cutar da wasu ba.

Admin: Wata 'yar uwa a zauren nan ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce in saka ba tare da sunanta ba.

"Ina da shekara 13 aka yi min. Yanzu ina da aure da 'ya'ya uku, kuma mijina ne kaɗai ya sani, shi ma sai bayan haihuwata ta biyu. Abin da nake so Maman Sadiƙ ta gaya wa uwar yarinyar shi ne, abin da mutumin ya yi min bai kai zafin abin da ya biyo baya a gidanmu ba. Mahaifiyata ta mare ni ta ce me ya hana ni ihu. Ban iya ihu ba, jikina ne ya sandare, ko yatsa na kasa ɗagawa, kuma na yi shekaru ina ganin laifina ne. Sai da na girma wata likita ta gaya min haka tsoro yake yi wa mutane da yawa. Aka cire ni daga makaranta. Idan muka yi faɗa da 'yan uwana sai a yi min gori. Ina jin ana cewa an ɓata ni, an lalata ni, kamar tuwon da ya kwana. Na koma fitsarin kwance, ina firgita cikin barci, aka ce aljanu ne aka yi ta min hayaƙi. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ba laifinki ba ne. Kalma huɗu. Don Allah a faɗa wa yarinyar nan yau, kuma uwarta ce za ta faɗa, ubanta ma ya faɗa. Kada a yi ta sa ta maimaita labarin ga duk wanda ya shigo. Kada a hana ta makaranta. Kuma ku daina cewa an ɓata ta, ba ta ɓaci ba, cutar ta aka yi."

Hajiya Babba: Wayyo 'yata. Na karanta hawaye na zuba. Allah ya saka miki. Mu haka muka taso muka ga ana yi, muna ganin gata muke yi wa yaran. Allah ya yafe mana.

Sista Nas: 'Yar uwa, na gode da kika yi wannan ƙarfin hali. Ki sani ke ma ba ki makara ba. Awa 72 ta magani ce, amma ciwon zuciya ba shi da wa'adi, ko bayan shekara ashirin ana zama da mai ba da shawara a samu sauƙi. A Salama akwai masu wannan aikin, a Asibitin Koyarwa na Shika akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, rashin barci da firgita da faɗuwar gaba duk ana maganin su. Idan kina so ki yi min magana ta bayan fage, ni da ke kawai.

Sannan iyaye, ba 'yan mata kaɗai ba ne. Ana kawo mana yara maza, almajirai da 'yan gida, kuma su sun fi ɓoyewa. Yaron da ya fara tafiya yana buɗe ƙafa, ko kashi na zubo masa, ko ya ƙi zuwa wurin wani mutum da da yake so, a zauna da shi a hankali. Cibiyar tana karɓar su, maganin ma iri ɗaya ne.

Baban Hanifa: Barista, idan suka yanke shawarar kai ƙara, ni zan raka uban duk inda za a je, ko Kaduna ne, a motata. Abin da ban iya yi wa 'yar ƙanwata ba ke nan.

Barista: Na gode. Ni ma Admin ta ba Maman Sadiƙ lambata. Abu ɗaya: kada matasan layi su ji su ce za su ɗauki doka a hannu. Duka ko ƙona shago zai juya shari'ar ta koma kansu, sunan yarinyar kuma ya fita. Kuma duk wanda ya zo da kuɗi ko da roƙo, kada a karɓa, a riƙe sunansa da ranar da ya zo.

Maman Sadiƙ: Mun dawo, alhamdu lillahi. Uban da kansa ya ɗauko ta ya sa a Keke, bai ce uffan ba har muka isa. Mace ce ta karɓe mu, ta shigar da yarinyar da uwar wani ɗaki ta rufe ƙofa, ni da shi muka zauna a benci. An yi mata ɗinki, an ɗebi jini, ta sha ƙwayar farko a gabansu. Sun ce za ta iya jin tashin zuciya da kasala, kada a fasa ba ta, kuma za a sake gwajin jini nan gaba. Sun ba mu ranar komawa wurin mai ba da shawara, har uwar ma an ce ta zo a zauna da ita. Sisinmu ba a karɓa ba sai kuɗin Keke.

Na karanta wa uwar saƙon 'yar uwar nan da ba ta faɗi suna ba. Ta shiga ɗaki ta rungume yarinyar ta faɗa mata. Tun jiya sai a lokacin yarinyar ta yi kuka da sauti, daga baya ta sha kunu rabin kofi ta yi barci.

Maganar ƙara, uban ya ce a ba shi zuwa gobe, yana so ya ji daga bakin Barista da kansa. Bai je wurin mai unguwa ba. Barista, zai kira ka bayan isha'i. Sista, maganin da daddare ya fi ko da safe? Uwar ba ta karatu, ni zan riƙa shiga ina ba ta, na zana layi 28 a bayan kalanda.

Sista Nas: Lokacin da aka ce muku a can shi za ki bi, muhimmin abu kada ya riƙa canjawa, kuma ta ɗan ci wani abu kafin ta sha. Idan ta yi amai jim kaɗan bayan ta haɗiya, ko kika ga zazzaɓi ko jinin ya dawo, ki kira ni ko tsakar dare ne. Ranar komawar kuma ki gaya min, ina hutu, zan same ku a bakin get.